Durƙuso a Bakin Kwata

Tana tsaka da kallon bidiyo wayarta ta suɓuce, ta faɗa kwatar gaban shagonta a Ƙofar Kaura.

Dama da safiyar ranar ta yi addu'a a tsaitsaye: "Ubangiji, ɗinkin Kirsimeti ya taru. Ka kawar da abin da ke raba mini hankali, cikin sunan Yesu." Maƙwabcinta mai injin niƙa take nufi.

Yanzu kuwa ta zube ƙasa, ta cusa hannu cikin baƙin ruwa mai tsutsotsi, tana laluben wayar.

Mai niƙan ya leƙo. "Madam, addu'a ake yi ne?"

Ta dubi gwiwoyinta cikin ƙazanta. Ko a coci ba ta taɓa daɗewa a durƙushe haka ba.