Kiran Bayan La'asar

Injiniya na kwance rigingine a ƙarƙashin sitiyari, tocila a hannu, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Shi da hannunsa ya ɗaura rediyon nan makon jiya, sabo fil, da lasifikoki har cikin but ɗin bayan motar. In aka sa kiɗa, madubi ma rawa yake yi. Amma ga shi mai motar ya dawo masa da ita, wai ba ya jin kiran waya sosai ta cikin rediyon.

Dattijo ne, tsohon direba, marar yawan magana. Rediyonsa na dā ya mutu, shi ne ya zo aka sa masa wannan.

"Baba, anya ba kunnen ba ne ya fara yin fansho?" in ji Injiniya.

Dattijon bai yi dariya ba. "Da tsohon rediyon ina jin komai, ɗana. Wannan kuwa yana cinye mini rabi. Akwai wani kira, shi kaɗai ya rage mini."

Injiniya ya ji kunya, ya koma kan aikinsa. Bai daɗe ba ya kama ɓarawon: kiɗa yana bi ta amfilifaya mai ƙara sauti ya cika mota, muryar waya kuma an bar ta ga 'yar lasifika guda, ta ƙofar fasinja. Ƙofar ma ba ta asali ba ce. Fentinta ya fi na sauran jikin haske, kuma wanda ya ɗaura ta ya yi wa wayoyin ɗaurin ganin dama. Ya warware, ya sāke haɗawa, ya naɗe da salatif. Sannan ya kira lambar dattijon da tasa wayar, sai muryarsa ta cika gareji har mai walda ya ɗago kai.

"To, Baba, an gama."

"Ba muryarka nake son ji ba."

Gaskiyarsa. Irin wannan rediyon yana da wani hali mai ban haushi: ƙarfin muryar waya ba ya saituwa sai ana tsakiyar kira, kuma kowace murya da yadda take zuwa. Injiniya ya leƙa jerin kira a allon rediyon, ya ga suna ɗaya ne jere daga sama har ƙasa: Maman Yara.

"Kira ta mana, mu gwada."

"Ba a ɗauka. Sai dai a kira ni. Bayan la'asar."

Injiniya ya haɗiye murmushi, ya ce a ransa lallai Baba ya yi laifi a gida, yaji aka yi masa. Suka yi salla, suka dawo. Dattijon ya zauna a mazaunin direba, ya ɗora hannuwa kan sitiyari ko da yake motar a kashe take. Injiniya ya buɗe ƙofar fasinja zai shiga, sai ya ga dattijon ya ɗaga hannu kamar zai hana shi, ya kuma fasa.

Wayar ta yi ƙara.

Muryar mace ce, can nesa, kamar daga cikin rijiya. "Malam, ka taso? Ina bakin titi ina jiranka. Don Allah kada ka yi gudu." Wani cokali ya faɗi, ta yi 'yar dariya. Dattijon ya kasa kunne kawai.

Injiniya ya murɗa maɓallin ƙara sauti har ƙarshe. Muryar ta ƙaru, amma da zarar ta yi shiru sai komai ya ɗauke ɗif, kamar an rufe ƙofa. Nan ya gane akwai saura. Sabon rediyon yana tace hayaniya: duk ƙaramin sautin da ba magana ba, share shi yake yi.

"Malam, ka taso?" in ji muryar. "Ina bakin titi ina jiranka."

Yatsan Injiniya ya tsaya cak a kan allo. Cokalin ya sāke faɗuwa, daidai inda ya faɗi ɗazu. Dariyar ma ita ce, ba ƙari ba ragi. Tsikar jikinsa ta tashi, ga rana ba ta ko faɗi ba, ga mai walda can yana ta feshin wuta abinsa. Ya so ya buɗe ƙofa ya fita, wallahi ya so. Amma dattijon ya karkato kunne wajen lasifikar kamar mai jiran hukunci.

"Wurin shirun nan," ya ce a hankali. "Nan nake so."

Injiniya ya lalubo matatar, ya kashe ta.

Sai motar ta cika da shuu na layi, da ƙarar fanka a wani ɗaki. A ƙarƙashinsu kuma, kusa ƙwarai, wani yana numfashi. Numfashi ne mai rawa, irin na wanda ya toshe baki da mayafi don kada a ji kukansa. An ja hanci sau ɗaya. Layin ya katse.

Dattijon ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna girgiza. "Alhamdu lillahi," yake ta faɗa. "Tana nan. Lafiyarta ƙalau."

 Da ƙyar Injiniya ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma wannan muryar ɗauka ce. Kunna ta ake yi daga wata waya, shi ya sa take zuwa ƙasa-ƙasa."

"Na sani, ɗana." Ya share fuska da hannun riga. "Maman yara ta rasu bara, a kujerar nan da kake zaune, ni ke tuƙi, kuma na yi gudun. Tun ranar 'yata ba ta ƙara ce mini kala ba, sai dai ta kunna mini wannan kullum, ni kuma numfashinta nake saurare."