Zoɓo a Firijin Rigakafi

Shekara goma sha tara Hansai tana yi wa yara allurar rigakafi a wani ƙaramin asibiti a Badarawa. Hannunta ba zafi, iyaye mata har layinta suke nema. Sai dai baiwar Allah ba ta iya ganin dama ta wuce ta.

Asibitin yana da firij mai aiki da hasken rana, wanda ƙungiyoyin lafiya na ƙasashen waje suka kawo don ajiye maganin rigakafi. Ko an ɗauke wuta sati guda, shi yana nan da sanyinsa. Da bazara ta kankama, Hansai ta ga ai asara ce irin wannan sanyi ya ƙare a kan 'yan kwalabe. Kullum da safe sai ta kwashe su ta zuba a kwali ta ɗora a taga, ta jera gorunan zoɓon da take sayar wa ma'aikata a cikin firijin. Sai la'asar take mayar da maganin.

"Anti, ɗigon nan na jikin kwalba fa ya fara duhu," in ji Shamsiyya, sabuwar ma'aikaciya. "An koya mana in ya yi duhu, zafi ya kashe maganin."

"Ke 'yar nan, kina goye na fara aikin nan. Maganin da ya ƙetaro teku bai mutu ba, sai a tagar Badarawa?"



Cikin watan ne ɗan Hansai, Yusha'u, da matarsa suka kawo 'yarsu Ilham, mai wata tara cif. Hansai ta ce ba mai taɓa mata jika sai ita. Ta yi mata allurar ƙyanda, ta cike kati, ta sa hannu.

Bayan wata huɗu ƙyanda ta shigo unguwa. Zazzaɓi ya rufe Ilham, ƙuraje suka feso, idanu suka ƙi buɗuwa. A babban asibiti likita ya daɗe yana duba ta, sannan ya ce za ta rayu, amma ciwon ya cinye idanun duka biyu.

"Me ya hana ku yi mata rigakafi?" ya tambaya cikin ɓacin rai.

"An yi, likita! Ga kati. Mahaifiyata ce ma ta yi mata da hannunta," in ji Yusha'u.

Likita ya karɓi katin ya ƙura masa ido. "Ita ce ta bakwai da aka kawo min da katin asibitin Badarawa. Wannan magani ya sha zafi kafin a yi musu."

Hansai, da ke tsaye a gefe, ta zube a ƙasa tana salati. Yusha'u ya durƙusa zai ɗaga ta, nan ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

Ya sake ta a hankali. Ya ce, "Zoɓo, Umma? Idon Ilham saboda zoɓo?"

Jama'a, ƙasashen duniya na iya haɗa hannu su kawo mana magani har ƙofar gida, amma hannun ƙarshe namu ne. Kayan lafiyar da aka damƙa maka amana ce, kuma ranar da ka yi wasa da ita ba ka san ɗan wa zai kwana a ciki ba.