Furen Amarya na Huɗu

Karo na huɗu ke nan cikin shekara guda da mutumin ya ajiye furen amarya a teburin shagona a birnin Hobart. Fararen wardi ne da ganyen turare. Sana'ata in danne fure tsakanin takarda da katako har ya bushe, in jera shi a bayan gilashi. Amare ke kawo nasu. Shi kuwa kullum shi kaɗai, ga zoben aure a yatsa, ba ya yarda mu haɗa ido.

Na ture furen gefe.

"Bawan Allah, wai mata nawa kake aura a shekara? Ta gida ta sani?"

Ya yi murmushin gajiya.

"Ai ita ce ma ta ɗaure wannan furen. Ni ma'aikacin jinya ne, a sashen waɗanda magani ya daina yi wa aiki. Wasu a kan gado ake ɗaura musu aure. Na san sati shida kike ɗauka, amma da wuya amaryar nan ta kai uku. Tana so ta gani."

Na kwance katakon da na matse da safe, na kwashe furen wata amaryar, na shimfiɗa na marar lafiyar.