Baƙon Suna a Wayar Yaya Babba

Yaya Babba na zaune a falo, tabarau a tsinin hanci, ya ƙura wa wani saƙon banki ido kamar mai neman ƙwarkwata. An cire masa kuɗi, ba masu yawa ba, amma da sunan wani kamfanin da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

Gabansa ya faɗi, don a wannan asusun ne shi da ƙannensa suka tara kuɗin aikin idon mahaifiyarsu. Yanar ido ta rufe mata ɗaya, ta fara cin na biyun. Shi aka ba ajiyar saboda shi ne babba, kuma mu masu furfura a gemu an ɗauka tare da hankali take tsirowa.

Ya miƙa wa matarsa wayar. "Ke, kin san waɗannan mutanen?"

"Ni da ko lambar katin ka hana ni sani? Tambayi wadda ka ba."

"Wace ce wadda na ba?"

"To, ai shi nake son ji."

Da ya ga zancen zai ɗauki wata hanya, sai ya koma kan saƙon. Ranar da aka ciri kuɗin ita ce ranar da ya je babbar cibiyar kantunan nan mai matakalar lantarki. Washegari ya koma can, yana bi kanti kanti yana nuna wayarsa. Mai turare ya girgiza kai. Mai agogo ya so ya sayar masa da agogo. A kantin takalma ne mai karɓar kuɗi ta yi murmushi.

"Baba, ai mu ne. Sunan da ke ƙofa daban, sunan da kamfanin ya yi rajista da shi a banki daban. Nawa ka sayi na ƙafarka?"

Ya dubi ƙafa, ya dubi waya. Kuɗin takalminsa ne cif.

Daga ranar Yaya Babba ya zama masani. A ofis, duk wanda ya yi ƙorafin saƙon banki sai ya ja kujera ya karantar da shi, ko bai nema ba. "Kwantar da hankalinka, haka manyan kantuna suke aiki. Ni na bi abin har gindinsa."

Ba a jima ba wani baƙon suna ya sake shigowa, kuɗin bai kai na cefanen yini ba. Sai wani kuma. Maimakon ya tsorata, abin nishaɗi ya ba shi. Yakan kishingiɗa bayan la'asar yana kintace: wannan ƙila wurin ajiye mota ne, wancan ya yi kama da mai turare.

"Yaushe rabonka da wurin nan ma?" in ji matarsa. "Ka kira banki mana."

"Ke ba ki san harkar ba. Sai na samu sarari zan je in gano su da kaina."

Sararin bai samu ba har ranar biyan kuɗin asibiti. Mahaifiyar na zaune a benci, autarsu na riƙe da hannunta. Mai karɓar kuɗi ya sa katin a na'ura, ya zare, ya goga a rigarsa, ya sake sawa.

"Alhaji, kuɗin ciki ba su kai ba."

"Duba dai da kyau."

"Na'urar ce ta duba, ba ni ba."

Sai a lokacin ya ciro wayar da ya kashe wa ƙara tun safe. Saƙonni ne jere, duk na manyan kuɗi, duk da baƙin sunaye.

A banki ma'aikaciyar ta rufe katin nan take, aikin da bai kai tsawon gaisuwa ba. Ta ce ƙananan kuɗin nan gwaji ne: ɓarayi kan taɓa kaɗan su ga ko mai katin yana farke.

"Ka taɓa bari wani ya kauce da katinka daga idonka?"

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tuna wani mai ɗan teburin rigunan waya a barandar cibiyar. Shi ne ya karɓi katin ya duƙa ƙarƙashin tebur wai a nan netwok ya fi kamawa, Yaya Babba har da yi masa sannu da ƙoƙari. Da ya koma nemansa, mai balan-balan ya tarar a wurin.

Banki ya ce zai bincika, bai yi alƙawarin komai ba. Likita ya ba wani majinyaci layinta. Kafin ƙannen su sake haɗa kuɗi, idon na biyu ma ya rufe, tsohuwa ta koma laluben bango kafin ta kai banɗaki.

Da ya je ya durƙusa ya ba ta labari tun daga takalmi har balan-balan, sai ta lalubo kansa tana shafawa.

"Kuma duk an rubuto maka, Babba? Ka karanta?"

"Na karanta, Inna."

"To, ni da ba na gani ina da hujja. Kai fa?"

Jama'a, baƙon suna a saƙon banki yana iya zama na kantin da kuka yi sayayya, amma kowane ɗaya sai an tabbatar da shi daban, komai ƙanƙantar kuɗin. Wanda ba ku gane ba, ku kira banki a rufe katin tukuna, bincike ya biyo baya. Kuma kada katinku ya bar idonku, ko da ana neman netwok ne.