Sha Takwas da Aka Soke

Malam, tunda gobe za ka fara shiga aji, zauna in ba ka wani misali kafin ka kafa wa yara dokokinka.

An yi wata malamar kemistiri da aka turo wata makarantar sakandare. Ranar farko ba ta koyar da komai ba, sai ta ɗauki alli ta rubuta sharuɗɗanta a allo. Maki ɗari ne, sittin na jarrabawar takarda, arba'in na ɗakin gwaji, kuma wanda bai kai sittin ba a jimla zai maimaita aji. A ɗakin gwaji da biro ake rubutu. In ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, amma abin da ka soke ka yafe shi ke nan, ba za a duba maka ba. Wanda kuma ya rubuta abin da idonsa bai gani ba, sifili ne rabonsa. Yara suka kwafe suna hamma, don sun saba da malamai masu zafin ranar farko.

A ajin akwai ɗan wani marini. A bakin karofi ya tashi, tun bai iya ɗaura wando ba yake gane lokacin da ruwan baban rini ya nuna, saboda haka a sha'anin launi babu mai idonsa a duk makarantar. Ga kai kuma. Burinsa ya karanci haɗa magani, ubansa kuwa ya riga ya gaya wa duk marina cewa a gidansa alƙalami zai gaji muciyar rini.

To, makarantar tana da wata al'ada. Akwai wani tsohon littafi da ya sha hannu har bangonsa ya fita, 'yan aji na gaba suke bar wa na baya, ana kiransa gado. A ciki akwai amsar gwajin ƙarshen shekara, wanda ake ɗiga asid daga dogon bututun gilashi mai layukan awo cikin kwalbar ruwan kanwa da aka sa wa sinadarin launi, ɗigo bayan ɗigo, har ruwan ya juya daga rawaya zuwa ja, sannan a karanta yawan asid ɗin da ya ci. Tsohon malamin da ya yi ritaya ya shekara goma yana haɗa ruwansa iri ɗaya, don haka kullum amsar ashirin da biyar ce. Yara har kirari suke mata, wai ashirin da biyar ko da ido a rufe.

Ranar jarrabawa ɗan marini ya buɗe famfon bututunsa yana kaɗa kwalba a hankali. Launi ya juya a sha takwas. Ya wanke kwalba ya sake, sha takwas. Ya yi na uku yana riƙe numfashi, ba ta canza ba. Ya rubuta ta da kyakkyawan hannunsa, sannan ya yi abin da ya jawo masa, ya waiga. Dama da hagu ashirin da biyar ce ke ta sauka a takardu, wasu ko jiƙa kwalbarsu ba su yi ba. Na kusa da shi ya leƙo ya raɗa masa, "Kai kaɗai ka fi gado sani?" Ya tuna ubansa, ya tuna maimaita aji, ya dubi jan ruwan da ke gabansa kamar yau ya fara ganin launi. Sai ya ja wa sha takwas layi, ya ɗora ashirin da biyar a samanta.

Da aka dawo da takardu malama ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi bana ta ƙara wa asid ɗin ƙarfi, duk wanda ya ɗiga da hannunsa sha takwas zai gani. Mutum shida ne suka bar tasu yadda take, yawancinsu don ba a ɗauke su a bakin komai ba balle a ba su aron gado. Ɗan marini ya ci hamsin da shida a takarda, ya fi kowa, amma a gwaji sifili. Ya bi ta ofis idonsa ya yi jajir, ya nuna mata cewa ai ga amsar nan ya samu. Ta ɗora yatsa a kan lambar da ya soke ta ce, "Wannan taka ce, kuma daidai ce, kai ka yar da ita. Ta saman nan fa, ta wa ce?" Wallahi ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma ba ta ƙara masa ko rabin maki ba, domin in ta lanƙwasa doka saboda mai ƙoƙari, ta ci amanar shidan nan.

Shekarar da ta biyo baya kujeru suka yi kaɗan a wannan aji saboda yawan masu maimaitawa. Shi kuwa ya koma tsohon bencinsa ya zauna da ƙannen bayansa, ga tasa amsar ta gaskiya kwance a takarda ƙarƙashin layin da ya ja da hannunsa. Shi ya sa Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara.