Ƙusar Ƙofa Ta Bakwai

Ka ce me, Hashimu? Wai manhajar da kuke tsara wa kwamfutocin ofishinku dokoki ta nuna ba a hana komai ba, amma kwamfutar baiwar Allahn nan da kuke aiki tare ta ƙi buɗe mata aikinta, kai kuma ka ce mata ita ce ba ta iya ba? Kayya! Ka leƙa cikin na'urar ka ga abin da ke ɗaure a can, ko kuwa daga kan kujerarka ka yanke hukunci? Zauna ka ji, don inda ake rubuta doka daban, inda take kama ƙasa daban.

A wani gari da ake noman rani akwai madatsar ruwa mai ƙofofi bakwai. Kowace ƙofa farantin ƙarfe ce da ake ɗagawa ko a sauke, sai a soka ƙusa ta riƙe ta, a datse da kwaɗo. Ƙofofin suna can cikin shingen waya, an hana manoma shiga. A ofis kuma akwai babban allo. Tsarin aikinsu shi ne shugaba ya rubuta umarni da alli a gaban sunan ƙofa, mai kula da ƙofofi ya karanta da safe, ya hau kekensa ya je ya aikata. Abin da aka rubuta shi yake yi, abin da ba a rubuta ba kuwa ba ruwansa. Wata shekara bangon magudanar ƙofa ta bakwai ya tsage, sai aka rubuta a sauke ta, a bar yatsa huɗu kawai. Ya je ya sauke, ya soka ƙusa, ya kulle. Aka yi gyara aka gama. Shugaba ya ɗauki tsumma ya goge layin tas, ya karkaɗe hannu, a ganinsa ya ɗage doka ke nan. Washegari mai kula ya dubi allo, ya ga gaban ƙofa ta bakwai wayam, ya ce yau ba aiki a can. Haka gobe, haka jibi. Ba wanda ya rubuta a ɗaga, ba wanda ya ɗaga.

To, a ƙarshen wannan magudana akwai wani manomi da ya shuka alkama, ita ce abincin gidansa na shekara, bakuna goma sha ɗaya. Gonar ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana sama da tasa. Ruwan yatsa huɗu yakan lallaɓo ya jiƙa gonar ƙanen, kafin ya iso ta yayan ƙasa ta shanye shi. Alkama kuwa ta ɗauki ciki, lokacin da ko kwana uku ba ta son ƙishi. Manomi ya taka har ofis ya ce ruwa ba ya zuwa. Shugaba ya nuna masa allo da bakin biro, ya ce, "Duba da idonka, baba. Ina dokar?" Wayam kuwa ko wanda bai yi boko ba ya iya karanta shi. Ya koma gida da kunya. Bayan kwana huɗu ya dawo da ganyen alkama a hannu, ya nannaɗe ya yi ruwan ɗorawa. Aka sake nuna masa allo. Wallahi abin da ke ƙona mini rai, shugaban nan ba maƙaryaci ba ne, ba kuma mugu ba. Ya gaskata allonsa ne kawai, ga babur a ƙofar ofis, ga madatsa ba ta fi tafiyar shan shayi ba.

A zuwa na uku shugaba ya gaji da shi. Ya ce, "Mu dai mun saki ruwa. In bai iso ka ba, wani ne ke tare shi. Wa ke sama da kai?" Manomi ya juya. Ya fita, ya bi magudana a ƙasa da rana tsaka, ya wuce gonarsa da ta tsattsage, ya iso ta ƙanensa, kore shar. Ya tarar da shi a sunkuye yana gyara bakin kwamin ban ruwa da fartanya. Ƙanen ya rantse da Allah bai tare komai ba, ya ce shi ma da ƙyar yake samu. Amma ai hukuma ta faɗa, ga kuma kore a gaban ido. Magana ta yi zafi, aka ambaci gado, aka ambaci uwa. Yayan ya fizge fartanyar. Sau ɗaya ya sauke ta, ƙanen bai sake tashi ba.

Sai da 'yan sanda suka ce a nuna musu inda ruwan ke fitowa, sannan shugaba ya buɗe shingen nan da hannunsa. Ga ƙofa ta bakwai a sauke, ga ƙusa ta yi tsatsa a raminta, ga kwaɗo a datse tun watan gyara. Aka kawo guduma, bugu biyu ƙusar ta fita, aka ɗaga ƙofa. Ruwa ya ɓarke da gudu, ya cika magudana, ya bi ta gonar mamaci, ya malale cikin busasshiyar alkamar da mai ita ke ɗaure a bayan mota. Matan gidajen biyu suna tsaye a kan kunyar gona suna kallon ruwan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi saƙo.