Abin da Aka Binne

Tun da aka yi lambu a bayan aji, Auta ta daina cizon yara. 'Yar shekara biyar da ta addabi kowa, yanzu kullum tana tsugune tana ban-ruwa da gwangwani. Daɗi ya ishe Malama, ta kira uwar yarinyar.

"Albishirinki, lambun nan ya gyara mana ita."

Uwar ta sunkuyar da kai. "Malama, ke kika ce musu duk abin da aka binne, in ana ba shi ruwa zai fito?"

"Ni ce."

"To, kullum da yamma sai ta sulale maƙabartar bayan gidanmu da gwangwaninta. Jiya ta ce in ajiye wa babanta abinci, ya kusa fitowa."